Damuwar da Ta Ƙi Sauka: Yadda Take Cin Jiki, da Abin da Za Mu Iya Yi

In ka tambayi mutumin ƙasar Katsina "Ina gajiya?" amsa ɗaya za ka ji: "Ba gajiya." Haka aka koya mana, kuma tarbiyya ce mai kyau. Sai dai labarin zuciya a tambayi fuska. A yankinmu na Kuki akwai magidanta da suka daɗe ba su yi barcin dare cikakke ba. Akwai iyaye mata da gabansu ke faɗuwa duk sa'ad da suka ji ƙarar babura bayan magariba. Akwai waɗanda ba su kai shekara hamsin ba, amma ciwon kai da ciwon ciki sun mai da su abokan cinikin mai kemis.

Wannan koyarwa a kan damuwa mai daɗewa take: abin da take yi wa jiki, yadda za mu gane ta, da abin da ke hannunmu mu yi tun kafin ta kwantar da mu.

Kayan da ke kanmu

Shekaru ke nan 'yan bindiga suna fitowa daga Dajin Rugu da kewayensa, suna kore shanu, suna ɗaukar mutane domin kuɗin fansa. A daren 11 ga Disamba 2020 aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. A watan Satumba 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar nan, har da Dutsin-Ma da Kurfi, aka kuma hana cinikin dabbobi a kasuwanni da dama. A watan Oktoba 2023 aka sace ɗalibai mata biyar na Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma. A wannan shekarar ta 2023 ɗin ne muka sha ƙarancin takardun naira, sa'an nan aka cire tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayu, kuɗin mota da na taki da na hatsi suka tashi.

Waɗannan su ne suka shiga rediyo. Waɗanda ba su shiga ba sun fi yawa: gonar nesa da aka bari ta zama saura, bashin da aka ci domin fanso ɗan'uwa, iyali biyu ko uku da suka taru a gida ɗaya cikin gari bayan sun baro ƙauye, kuɗin makarantar yara da ya zo daidai da ƙarewar hatsi a rumbu.

A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a wuraren da ke fama da rikici, kusan mutum 1 cikin 5 yana ɗauke da wata larurar ƙwaƙwalwa, kamar ciwon baƙin ciki, ko fargaba mai tsanani, ko firgicin da ke biyo bayan mugun gani. In muka ɗauki wannan lissafi muka dubi benci ɗaya a majami'a ranar Lahadi, za mu gane cewa maganar ba ta nesa ba ce.

Abin da ke faruwa a cikin jiki

Allah ya yi jikinmu da shirin ko-ta-kwana. In kana cikin gona ka yi kiciɓis da kububuwa, kafin ka yi tunani ka riga ka yi tsalle. A cikin wannan ɗan lokaci ƙwaƙwalwa ta aika saƙo zuwa wasu ƙananan halittu biyu da ke zaune a saman ƙoda, su kuma suka zuba wani sinadari mai suna adirenalin cikin jini. Zuciya ta ƙara bugu, numfashi ya yi sauri, jini ya bar hanji ya koma cinyoyi da damatsa, baki ya bushe. Bayan 'yan mintoci sai wani sinadarin mai suna kotizol ya biyo baya. Shi ne ke sa hanta ta saki suga cikin jini domin a sami ƙarfi, ya kuma dakatar da ayyukan da za su iya jira, kamar narkar da abinci da gyaran jiki. Wani likitan Amurka mai suna Walter Cannon ya bayyana wannan shiri tun a 1915, ya ce jiki na shirin faɗa ne ko gudu.

Wannan shiri baiwa ce. Shi ne ke ba uwa ƙarfin goya ɗa ɗaya, ta riƙe ɗaya a hannu, ta yi tafiyar da ba ta taɓa zaton za ta iya ba. Amma an yi shi ne domin ya tashi ya sauka. Macijin ya wuce, zuciya ta koma daidai, ka ci gaba da noma.

Matsalar damuwa mai daɗewa ita ce ba ta sauka. Jiki ba ya bambanta macijin da ke gabansa da wanda ke cikin tunani. Jita-jitar cewa an ga babura a bayan gari, tunanin bashi da tsakar dare, jiran waya daga waɗanda suka ɗauki ɗanka, duk suna tada shirin nan kamar yadda maciji ke tada shi. Manomi mai hankali yana kwance shanun huɗa in rana ta take, ya kai su inuwa, ya ba su ruwa da harawa. Ya san in ya bar su cikin karkiya daga safe har dare, kullum, ba za su kai ƙarshen damina ba. Da yawa daga cikinmu jikinsu ya yi shekaru cikin karkiya ba a kwance shi ba.

A 1936 wani likita mai suna Hans Selye, a birnin Montiriyal na ƙasar Kanada, ya yi gwaji da ɓeraye. Ya wahalar da su ta hanyoyi dabam dabam, wasu da sanyi, wasu da rauni, wasu da gajiya. Ko da yake wahalar ba iri ɗaya ba ce, ɓarnar da ya tarar a jikinsu iri ɗaya ce: halittun nan na saman ƙoda sun kumbura, sassan da ke kare jiki daga cuta sun motse, ciki ya yi gyambo. Daga nan likitoci suka fara gane cewa doguwar wahala, ko wace iri ce, tana da tata ɓarnar.

Inda take yin ɓarna

*Zuciya da jini.* In zuciya na yawan bugawa da ƙarfi, jijiyoyin jini kuma suna tsuke, sannu a hankali hawan jini zai iya samun wurin zama. Hawan jini shi ne babban abin da ke jawo shanyewar ɓarin jiki, yana kuma lalata ƙoda da zuciya. Wani babban bincike da aka yi a ƙasashe 52, aka fitar a 2004, ya nuna cewa waɗanda suka ce kullum cikin matsi suke, a gida ko a wurin aiki, haɗarin bugun zuciya a kansu ya kai kusan ninki biyu na waɗanda ba sa cikin matsin. Abin tsoro da hawan jini shi ne sau da yawa ba ya ciwo. Mutum zai iya yawo da shi shekaru bai sani ba.

*Suga.* Kotizol na ɗaga sugan jini. Ga mai ciwon suga, wannan na sa ciwon ya ƙi daidaituwa ko da yana shan magani. Ga wanda ciwon ke cikin danginsa, doguwar damuwa da rashin barci suna ƙara matso da shi kusa.

*Ciki.* Mutane da yawa suna cewa tunani ya sa musu gyambon ciki. A nan akwai gyara. Tun a farkon shekarun 1980 wasu likitoci biyu a Ostireliya, Barry Marshall da Robin Warren, suka gano cewa wata ƙwayar cuta ce ke haddasa yawancin gyambon ciki, kuma ana kashe ta da magani. Abu na biyu da ke kawo shi shi ne yawan shan magungunan ciwon jiki, irin su ibufurofen da dikulofenak. Ga yadda damuwa ke shigowa: tana hana cin abinci a kan lokaci, tana tsananta zafin ciki, tana ɗaure tsokar wuya da kafaɗa da baya. Mai ciwon jiki sai ya je kemis a yi masa haɗi, ya sha cikinsa babu komai, yau da gobe har ciki ya yi rauni.

*Garkuwar jiki.* A 1991 aka fitar da sakamakon wani gwaji da aka yi a Ingila da mutum kusan 400 da suka yarda a ɗiga musu ƙwayar cutar mura a hanci. Waɗanda suka fi damuwa su ne suka fi kamuwa. A 1995 kuma, a jihar Ohayo ta Amurka, aka yi wa wasu mata ɗan ƙaramin rauni a hannu domin a ga kwana nawa zai ɗauka ya warke. Matan da suka daɗe suna jinyar tsofaffinsu masu ciwon mantuwa, nasu raunin ya ƙara kimanin kwana 9 a kan na sauran. Duk mai jinya a gida ya lura da wannan.

*Barci da tunani.* Kotizol kan yi yawa da safe ya ragu da dare, domin mutum ya yi barci. Doguwar fargaba na rikita wannan tsari. Sai ka ga mutum ya gaji liƙis amma ido ya ƙi rufuwa, ko ya farka da ƙarfe biyu na dare ya kwana lissafi. Rashin barci kuma na kawo mantuwa, saurin fushi, da kasa yanke shawara.

*Zaman aure da yara.* Damuwa na rage sha'awa ga miji da mata, tana iya rikita al'adar mace. Da yawa sukan ɗauka ƙauna ce ta ƙare, ko wani ne ya sa musu hannu, alhali gajiya ce. Yara kuwa ba su da kalmomin faɗa, sai jikinsu ya faɗa. Yaron da ya daina fitsarin kwance ya dawo da shi, wani ya riƙa maƙale wa uwarsa, wani ya riƙa mugun mafarki, wani karatunsa ya ja baya. Duka ba ya gyara wannan, ƙara shi yake yi.

Hausawa sun ce wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Wanda ya taɓa shiga hannun 'yan bindiga, ko ya ga an kashe wani a gabansa, ƙarar rufe ƙofa kawai za ta iya mai da shi wancan daren. Wannan ba hauka ba ne, ba kuma aljanu ba ne. Ƙwaƙwalwa ce ta koyi tsoro ta kasa sakewa, kuma ana iya taimakonta.

Shin rashin bangaskiya ne?

Akwai masu bi da ke ɓoye halin da suke ciki domin kada a ce bangaskiyarsu ta yi sanyi. Sun ji wa'azi a kan kada a damu, sai suka ɗora wa kansu kaya biyu: damuwar, da jin laifin damuwar.

Mu tuna da annabi Iliya a 1 Sarakuna sura 19. Bayan nasarar da ya gani a Dutsen Karmel, barazanar Yezebel ta sa ya gudu jeji, ya zauna a gindin itace yana fatan mutuwa. Abin da Allah ya fara yi masa shi ne ya bar shi ya yi barci, ya ba shi abinci da ruwa, ya sāke barinsa ya kwanta, ya sāke ciyar da shi. Magana ta zo daga baya. Daga bisani kuma ya ba shi Elisha ya zama abokin aiki. Barci, abinci, magana, abokin tafiya: wannan jeri ne da likitan yau ba zai ƙi ba. Ubangijinmu Yesu ma, a daren da ya fi kowane nauyi, ya ɗauki almajirai uku ya gaya musu halin da zuciyarsa ke ciki, ya nemi su zauna tare da shi. In shi bai ɓoye ba, ba mu da dalilin jin kunya.

Addu'a da magani ba kishiyoyi ba ne. Wanda ya karye a ƙafa muna yi masa addu'a, muna kuma kai shi a ɗaure ƙafar. Haka ya kamata mu yi da wanda damuwa ta karya.

Abin da za mu iya yi

Ba a hannun ɗayanmu yake ya kawo ƙarshen 'yan bindiga ko ya sauke farashin taki ba. Za mu ci gaba da addu'a, da kira ga hukuma ta yi aikinta. Amma akwai abin da ke hannunmu: mu riƙa kwance jiki daga karkiya, ko da na sa'o'i kaɗan ne a kowace rana.

1. A kāre barci. Babban mutum na bukatar aƙalla sa'a 7. Inda ake gadin dare, a tsara shi bi da bi, kada mutum ɗaya ya kwana a tsaye dare uku a jere. Wanda ya yi gadi a bar shi ya rama da rana, kada a kira shi rago. Wanda ba ranar gadinsa ba ce ya kwanta da gaske, domin amfanin rabon aikin ke nan. Goro, shayi mai kauri, Nescafé da lemukan ƙara kuzari suna daɗewa a jini. Bayan sa'a biyar, kusan rabin abin da ke hana barci a cikinsu yana nan bai fita ba. A bar su tun daga azahar.

2. A sa wa labari iyaka. Sanin halin da hanya ke ciki kafin a fita wajibi ne. Kallon hotunan gawawwaki a WhatsApp da Facebook har tsakar dare kuwa ba ya ƙara tsaro, jiki kawai yake tayarwa. Bayan harin bam da aka kai birnin Boston na Amurka a 2013, masu bincike sun tarar cewa waɗanda suka riƙa bin labarin sa'a 6 ko fiye a rana sun fi nuna alamun firgici a kan wasu da abin ya faru a kusa da su. Ka zaɓi mutum ɗaya ko biyu da ka amince da labarinsu, ka saurari rediyo safe da yamma, ka ajiye waya kafin kwanciya. Kada ka tura labarin da ba ka tabbatar ba, domin kana iya hana gari guda barci a banza.

3. A koyi saukar da numfashi. Numfashi ne ƙofar da muke da ita zuwa ga bugun zuciya. In mutum ya fitar da iska a hankali, zuciya na rage gudu. Zauna, ka sa hannu a ciki. Ja iska ta hanci kana ƙirga huɗu, har ka ji ciki ya taso. Fitar da ita a hankali kana ƙirga shida. Ka yi haka na minti biyar, safe da dare, da duk lokacin da gaba ya faɗi. Wanda ya so ya haɗa da gajeriyar addu'a. Waƙar da muke rerawa tare a sujada ma tana yin irin wannan aiki, domin mai waƙa dogon numfashi yake fitarwa.

4. A motsa jiki. Sinadaran nan sun shirya jiki domin gudu, motsi ne ke ƙone su. Manomi da damina ba ya bukatar wannan shawara. Amma mai shago, malamin makaranta, tela, da wanda ya baro gonarsa ya dawo gari yana zaune, suna bukata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar aƙalla minti 150 a mako, wato tafiya da sauri ta rabin sa'a, kwana biyar. A yi ta da rana, a inda aka san lafiya, in da hali tare da aboki.

5. A ci abinci a kan lokaci, a rage gishiri. Ko kunu ne ko ɗumame, kada a wuni da ciki wayam sa'an nan a ɗora masa magani. Gishirin da babba zai ci a yini kada ya kai giram 5, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ba, kuma ɗunƙulen miya ma gishiri ne. Daddawa, albasa, tafarnuwa da citta suna ba miya ɗanɗano. Zogale, rama, kuka, yakuwa da wake suna kusa da mu, suna kuma taimakon jiki.

6. A guji maganin da ya fi cutar muni. Burkutu, giya, taba, wiwi, taramol da kodin suna kawo sauƙi na sa'a ɗaya su bar bauta ta shekaru. Ɓarnar maganin tari mai kodin ta kai har gwamnatin tarayya ta hana yin sa da shigo da shi a 2018. Ƙwayoyin barci ma kada a sha sai likita ya rubuta. Iyaye su lura, saurayin da ya rasa gona ya rasa aiki shi ne ya fi shiga wannan tarko.

7. A raba tunani gida biyu. Ɗauki takarda, ko ka zauna da matarka ku lissafa da baki. Gefe ɗaya abin da za ku iya yi a kai, ɗaya gefen abin da ya fi ƙarfinku. Daga gefen farko ku zaɓi abu ɗaya ƙarami da za a yi a makon nan: a je a roƙi mai bashi ya karɓa kaɗan kaɗan, a yi magana da shugaban makaranta, a shirya inda yara za su nufa in an ji harbi. Iyalin da suka san abin da za su yi sun fi samun barci a kan waɗanda ke jira kawai. Gefe na biyu kuma a miƙa shi ga Allah, a sāke miƙawa duk lokacin da ya dawo.

8. A faɗa wa wani. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A ƙasar Zimbabuwe, mutanen Shona suna kiran wannan ciwo da sunan da ke nufin yawan tunani, kamar dai yadda muke cewa. Likitocin ƙwaƙwalwa sun yi musu kaɗan, sai wani likita mai suna Dixon Chibanda ya koya wa tsofaffin mata yadda za su zauna a kan benci a harabar asibiti, su saurari mutum, su taimake shi ya warware matsalolinsa ɗaya bayan ɗaya. A gwajin da aka fitar a 2016, bayan wata shida, kimanin kashi 14 cikin 100 na waɗanda suka zauna da kakannin ne ke da sauran alamun ciwon baƙin ciki, a ɗaya rukunin kuwa kusan rabi. Benci muna da shi, kakanni muna da su. Abin da ya rage shi ne koyon sauraro da riƙe asiri.

Aikin ikkilisiya

Zumuntar mata, ƙungiyar matasa da dattawa za su iya zama wannan bencin. Amma akwai ƙa'ida. Abin da aka faɗa maka a asirce kada ya zama "roƙon addu'a" a gaban jama'a sai da izinin mai shi. Mai sauraro ya rage wa'azi, ya yawaita kunne.

Wanda ya dawo daga hannun masu garkuwa, kada a tsai da shi ya ba da shaida ranar Lahadin farko, kada kuma masu zuwa jaje su sa shi maimaita labarin sau ashirin. Tilasta wa mutum ya ba da labarin abin da ya same shi kafin ya shirya na iya ƙara masa ciwo. A kai shi asibiti a duba shi, a ba shi abinci da wurin kwana mai natsuwa, a bar shi ya yi magana sa'ad da ya so. Matan da suka dawo suna bukatar asibiti da gaggawa, da rufin asiri, da miji da dangin da za su karɓe su ba tare da tuhuma ba.

Taimakon hannu ma magani ne. Tiyar masara ga gwauruwa, gayyar noma a gonar wanda ke jinya, adashi mai amana, karɓar jinya na yini ɗaya domin mai jinya ta yi barci, duk suna sauke abin da dogon jawabi ba zai sauke ba. Mu riƙa haɗawa da maƙwabtanmu Musulmi, gama wahalar nan ba ta tambayi addinin kowa ba.

Fastoci da dattawa kuma, mu tuna da shawarar da Yetro ya ba Musa a Fitowa sura 18, cewa ya raba aikin shari'a da amintattun mutane kafin shi da jama'ar su gaji. Mai jana'iza, mai tara kuɗin fansa, mai ta'aziyya, shi ma jiki gare shi. A ba shi ranar hutu, shi ma ya karɓa.

Abu ɗaya mai sauƙi da kowace ikkilisiya za ta iya yi shi ne ta sayi na'urar awon jini. A sami ma'aikacin lafiya a cikin 'yan'uwa ya riƙa auna manya sau ɗaya a wata bayan an tashi sujada, ana rubutawa. Wanda awonsa ya kai 140 bisa 90 ko fiye a ranaku biyu dabam dabam, a tura shi asibiti. Wanda aka ɗora a kan magani kada ya daina don ya ji sauƙi, kada kuma wani ya sa shi zubar da shi da sunan bangaskiya.

Lokacin da ba a jira

A garzaya asibiti nan take, ko babban asibitin Dutsin-Ma ko wanda ya fi kusa, in aka ga ɗaya daga cikin waɗannan: ciwon ƙirji mai danna mutum tare da gumi ko sarƙewar numfashi, baki ya karkace, ko hannu ko ƙafa ta mutu, ko magana ta harɗe, aman jini ko baƙin bayan gida, mai ciki da ke fama da matsanancin ciwon kai, kumburin fuska ko gani dishi-dishi.

A nemi likita kuma in baƙin ciki da rashin sha'awar komai sun wuce mako biyu, ko mugun mafarki da firgita sun wuce wata guda suna hana aiki. In mutum ya fara cewa gara ya mutu ya huta, a ɗauki maganar da gaske. A tambaye shi kai tsaye, cikin ƙauna, ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta sa masa tunanin, sau da yawa sauƙi take kawo masa. Kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da maganin ƙwari da na feshi da makami daga inda yake, a kai shi asibiti a ranar. Akwai Asibitin Koyarwa na Tarayya a Katsina, akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Dawanau ta Kano. A watan Janairu 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta kuma tanadi kāre mutuncin masu irin wannan larura. Zuwa wurin likitan ƙwaƙwalwa ba abin kunya ba ne.

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, kada ka ce sai ka yi duka a rana ɗaya, wannan ma wata damuwar ce. A makon nan ka zaɓi biyu: ka je a auna jininka, ka kuma sami mutum ɗaya amintacce ka gaya masa gaskiyar yadda kake kwana. In kai ne aka zo wa, ka ajiye abin da kake yi ka saurara.

Ubangiji ya kiyaye fitarmu da shigarmu, ya ba ƙasarmu salama, ya ba gajiyayyu barci. Amin.